Wasiyyar da ta sayi magana, da wadda ta sayi zane

Na daɗe ina tunani a kan yadda mai dukiya yake zaɓen abin da za a yi da rabonsa bayan ransa, kuma cikin wasiyyoyin da na karanta labarinsu babu wadda ta kama zuciyata kamar ta Adam Gifford, wani alƙalin babbar kotun Sikotland da ya rasu a 1887. Mutumin nan bai ce a gina masa zaure a rubuta sunansa a bakin ƙofa ba. Fam 80,000 ya bari ga tsofaffin jami'o'in ƙasarsa huɗu: Edinburgh ta samu 25,000, Glasgow da Aberdeen kowacce 20,000, St Andrews kuma 15,000. Sharaɗinsa shi ne a riƙa gayyato masana su gabatar da jerin laccoci a kan sanin Ubangiji ta hanyar hankali da nazarin halitta, kuma tun 1888 ake yin su har yau.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya tsara maganarsa. Ya ce kada a tambayi mai laccar aƙidarsa, kada a sa shi rantsuwa, ko daga wane addini ya fito, ko ma ba shi da addini, muddin mutum ne mai neman gaskiya da zuciya ɗaya. Ya kuma ce a buɗe ƙofa ga jama'ar gari, ba ɗaliban da suka yi rajista kaɗai ba, wato mai shago da magini suna da damar shiga su zauna a benci ɗaya da shehun malami. Saboda wannan faɗin wasiyyar ne masanin Amurka William James ya gabatar da laccocinsa a Edinburgh a 1901 da 1902, saboda shi ne kuma Seyyed Hossein Nasr, ɗan asalin Iran, ya zama Musulmi na farko da ya gabatar da laccocin a 1981. Da Gifford ya ƙulle wasiyyarsa da ra'ayin cocinsa, da tuni ta tsufa tare da zamaninsa.

Ta ɓangaren sayen kayan tarihi da zane-zane kuwa, sai a duba Alfred Felton, attajirin da ya yi arziki da fataucin magunguna a Melbourne ta Ostareliya, ya rasu a 1904 bai taɓa aure ba. Ya ce a juya dukiyarsa ba tare da an taɓa uwar kuɗin ba, a raba abin da ta haifa gida biyu: rabi ga ayyukan jinƙai, musamman na mata da yara, rabi kuma a sayo wa gidan adana zane-zane na jihar Victoria kayan da suka cancanta. Da wannan kuɗin aka sayi babban zanen liyafar Kiliyofatira, sarauniyar tsohuwar Masar, na mai zanen Italiya Tiepolo a 1933, a lokacin da gwamnatin Tarayyar Sobiyet take sayar da wasu taskokin gidan tarihin Hermitage domin neman kuɗin waje. Yanzu yaro ɗan makaranta a Melbourne yakan tsaya gaban zanen, ya ga sarauniyar riƙe da lu'ulu'un da za ta jefa a kofi.

Ban ce aikin ya tafi sumul ba. An sha jayayya tsakanin masu ba da shawara da ke Landan da amintattun da ke Melbourne a kan abin da ya dace a saya, domin mamaci ba ya dawowa ya fayyace nufinsa, sai dai a yi ta komawa ga takardar da ya bari.

A wurinmu shari'a ta yarje wa mutum ya yi wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba, kuma galibi masallaci ko rijiya ake tunawa, wanda alheri ne babba. Sai dai duk sanda na tuna da rubutattun littattafan ajami da ke cikin gafaka da adudu a gidajen malamai, gara tana cin gefensu, magada kuma ba su san darajarsu ba, sai in ji ina fatan wani mai hali ya ware wani abu daga sulusinsa, ya rubuta ƙarara cewa a saye su da farashi mai mutunci, a ajiye a ɗakin karatun jami'a, a kuma riƙa kiran masani kowace shekara ya karanta wa jama'ar gari abin da ke ciki.