Funtuwa, garin da jirgin ƙasa ya raya

Ɗaurin aure ya kai ni Funtuwa daga Katsina, na ce wa mai masaukina: "Yaya, kai ni tashar jirgi in gani." Dariya ya yi, ya ce ai sai dai in ga dogo da awaki.

Amma wannan dogon ne ya mayar da Funtuwa babban gari. Kafin zuwansa Maska ce mai suna a yankin, shi ya sa har yau hakimin Funtuwa Sarkin Maska ne. Da Turawa suka ja layi daga Zariya ya ratsa Gusau ya tuƙe a Kauran Namoda a 1929, auduga suke nema, ƙasar nan kuwa auduga ba ta ƙin ta. Aka kafa injin gurza, fatake suka sauka, Yarabawa da Inyamurai suka biyo aikin jirgi da ciniki, jikokinsu na nan suna Hausa tsaf.

Yau tireloli ne suka gaji jirgi. Hanyar Zariya, ta Gusau da ta Malumfashi duk a nan suke haɗuwa, garin ba ya barci. Masara da waken suya ake lodi har dare, masu shayi na cin kasuwarsu. Ga ruwan sama da sanyi da mu 'yan arewacin jiha muke kwaɗayi.

Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 zai bi Daura da Katsina da Jibiya. Ni dai tambayata: mu me za mu loda masa?