Kirarin da ya kai ni ofishin shugabar makaranta

Abin da aka yi mini makon jiya har yau yana ci mini rai, kuma a nan Kolambus, jihar Ohayo ta Amurka, ba ni da wanda zan zauna in amayar masa da shi.

Turanci nake koyar da 'yan aji bakwai, yara 'yan shekara 12 zuwa 13. Manhaja ta ce a koya musu adon harshe: kamantawa, siffantawa, kambamawa, mutuntarwa. Ni kuwa tun ina koyarwa a Zariya na san haddar ma'ana ba ta zama a kan yaro. Sai na rubuta musu "Kano ta Dabo, tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka", na yi musu bayani, na nuna musu siffantawa da kambamawa a layi guda. Na ce kowa ya je ya yi wa kansa kirari.

Akwai wani yaro shiru-shiru da bai taɓa cika mini layi uku ba. Shafi guda ya kawo. Shi ne gobarar daji, wanda ya taɓa shi ya zama toka, in ya yi tari tsawa ta ɓuya. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na ba shi maki mafi yawa, na manna takardar a bango.

Kwatsam aka kira ni ofis. Wai wata uwa ta ga hoton takardar ta kai ƙara, ta ce barazana ce. An cire ta daga bango, an kai yaron wurin mai ba ɗalibai shawara, ni kuma shugabar tana tambayata ko na fahimci dokar makaranta kan kalaman tashin hankali. A hankali take magana, tana rarraba kalmomi, kamar ba na jin Turanci. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Ban raina tsoronsu ba. Ƙasa ce da ake shiga makaranta da bindiga, har atisaye muke yi na kulle ƙofa, a kashe fitila, yara su laɓe. Amma ba wanda ya karanta rubutun yaron a matsayin rubutu. Yanzu ya koma layinsa uku.

Duk da haka ina alfahari da ajin nan. Wata yarinya Basomaliya, don suna da yawa a garin, ta ce kakarta ma haka take wasa su da baitoci, ta roƙi in bar ta ta kawo nata.

Da daddare na so in kira Inna, na tuna lokacin sanyi awa shida suke gaba da mu, ta daɗe da barci. Ita da ba ta taɓa zama a aji ba, in ta fara yi wa autana kirari yana cin tuwo, sai ya kumbura ya ƙi sauka daga cinyarta. A hannunta na bar shi. Yaya ya ce yanzu yaron ya fara mayar mata da nasa, wai shi ne guguwa mai kwashe shanyar maƙwabta, gidan duk a yi ta dariya. Ban ji ko ɗaya da kunnena ba. Na roƙi Yaya ya ɗauki muryarsu ya turo mini ta WhatsApp, kullum sai ya ce gobe, alhali kuɗin data ma ni nake tura masa.