Ɗingishin ɗana a lokacin dokar kulle

A watan Afrilun 2020, makonni kaɗan bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba ranar 11 ga Maris, ɗana mai shekara biyu ya zamo daga kan kujera, ya ƙi taka ƙafarsa ta hagu. Babu kumburi, babu rauni a fata, saboda haka na ce targaɗe ne, alhali tsoron shiga asibiti ne ya zaunar da ni har kwana uku. Da muka je aka ɗauki hoto, sai ga siririyar tsaga a ƙashin ƙwaurinsa, irin wadda ake yawan gani ga yaran da ba su daɗe da fara tafiya ba.

Tun daga lokacin nake bibiyar abin da likitocin ƙashi suka lura da shi a wancan zamani. Da aka rufe makarantu da filayen wasa, karayar yara ta ragu ƙwarai. A asibitin yara na Filadelfiya da ke Amurka raguwar ta haura rabi. Sai dai raunin ya koma cikin gida, kuma ƙananan yara ne suka fi samunsa, ta hanyar faɗowa daga keke ko daga kan tarampolin, wato shimfiɗar nan mai cilla mutum sama, wadda kan karya ƙwaurin ƙaramin yaro daf da gwiwa idan yana tsalle tare da wanda ya fi shi nauyi.

Salon magani ma ya sauya. Ƙungiyar likitocin ƙashi ta Birtaniya ta ba da shawarar a kauce wa tiyata duk inda zai yiwu, a yi amfani da ɗaurin da iyaye za su iya kwancewa da kansu a maimakon siminti, a kuma rage komawa asibiti. Wannan ya yi aiki ne domin ƙashin yaro yana haɗewa da wuri, kuma yakan daidaita 'yar karkatar da ta rage yayin da yaron yake girma. A ganina, wannan sauƙi alheri ne da ya kamata a riƙe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jinkiri, domin ni ma na yi shi. A ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro akwai guringuntsin da ƙafa ke tsawo ta cikinsa, kuma idan karaya ta ratsa nan ta goce, bayan kamar mako ɗaya zuwa kwana goma likita yakan guji jan ta, don kada ya lalata wurin har ƙafar ta gajarce ko ta karkace. Haka kuma matashi mai ƙiba da ke kukan ciwon gwiwa yana ɗingishi, wataƙila kan ƙashin cinyarsa ne ke zamewa a ƙugu, abin da ba a tabbatarwa ta kiran bidiyo sai an juya ƙafar an ɗauki hoto. Jariran da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa, waɗanda tsarin Ponseti, wato hanyar miƙe ƙafar a hankali da ɗaurin siminti, ke buƙatar a sauya musu simintin kowane mako, su ma an ɗage wa da yawansu fara magani.

Mu dai Allah ya taƙaita mana, domin tsagar ba ta kai ga guringuntsin ba. Likitar ta sa masa ɗaurin da ake kwancewa, ta ce mini: “Baban yaro, duk ranar da ƙaramin yaro ya ƙi taka ƙafa, ko ya haɗa da zazzaɓi, a ranar ake kawo shi.” Bayan mako uku na kwance ɗaurin da hannuna a gida, ita kuma tana kallon tafiyarsa ta waya. Ya ci gaba da ɗan ɗingishi na wasu makonni, kafin ya koma hawa kujerar nan da ya zamo daga kanta.