Sifilin da ba sifili ba

Abin da ya ja ni zuwa digiri na biyu a fannin tattalin arzikin muhalli shi ne jin cewa ana iya ƙiyasta darajar abin da ba a sayarwa a kasuwa, kamar iska mai tsafta ko ruwan tafki. Dabarar da na zaɓa ita ce a tambayi mutum kai tsaye: nawa za ka iya biya don a kare wannan abu? Dabara ce mai tarihi. Bayan jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya malalar da ɗanyen mai a gaɓar Alaska a 1989, an yi ta jayayya kan ko kotu za ta dogara da irin wannan ƙiyasi wajen yanke diyyar ɓarnar. Gwamnatin Amurka ta kafa kwamiti ƙarƙashin manyan masana tattalin arziki biyu, Kenneth Arrow da Robert Solow, a 1993 suka ce ana iya dogara da shi in an cika wasu sharuɗɗa, ciki har da yin tambayar ido da ido. Na haddace sharuɗɗan tsaf.

Wurin bincikena wani tafki ne da ƙauyuka kaɗan na masunta ke ci daga gare shi. Tun kafin in ga ruwan na riga na yanke musu hukunci, domin na karanta maƙalar masanin muhalli Garrett Hardin ta 1968: dukiyar da ta zama ta kowa, kowa zai yi ta ɗiba har ta ƙare, sai dai hukuma ta karɓe ko a raba ta zama mallakar ɗaiɗaiku. Na tafi da takardun tambayoyi cike da jaka, da wasiƙar jami'a mai hatimi. Wannan wasiƙa, daga baya na gane, ita ta fara ɓata min aiki, don mutane sun ɗauka haraji ake shirin sawa.

Amsoshi suka dawo, da yawansu sifili. A fanninmu akwai suna ga irin wannan: sifilin ƙin yarda, wato mutum bai raina abin ba, tambayar ce bai amince da ita ba. Abin da aka saba shi ne a cire su a ci gaba da lissafi. Haka na yi niyya, har ranar da na gabatar da aikin a taron ɗalibai, wata malama daga sashen nazarin zamantakewa ta ɗaga hannu. "Ka tambaye su dalili?" Na ce akwai gurbi a takardar. Ta ce, "Ba gurbi na tambaye ka ba. Ka zauna da su?"

Na koma, wannan karon babu jaka. Kwanakin farko babu wanda ya kula ni, sai gaisuwa. Ina taya wani dattijo riƙe taru yana ɗinke inda ya yage ne na yi ƙarfin halin tambayarsa. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ɗana, ranar da ka biya kuɗin shiga ɗakinka, ɗakin na wane ne?" Na ce, "Baba, ba nawa ba ne ke nan." Ya ci gaba da ɗinkinsa.

Ashe tafkin da na kira na kowa yana da dokoki. Akwai lokacin da kifi ke zuba ƙwai, ba a shiga ruwa. Akwai ɓangaren da ba a taɓawa sam. Akwai iyakar ƙanƙantar idon raga, wanda ya saɓa a ƙwace masa. Babu ɗaya a rubuce, shi ya sa takardata ba ta gan su ba. Sai a lokacin na karanta Elinor Ostrom da gaske, matar da ta fara samun kyautar Nobel a tattalin arziki, a 2009. Ta tattara misalai irin wannan, kamar masuntan Alanya a Turkiyya, waɗanda ke yin ƙuri'a kowane Satumba su raba wuraren kamu, sannan kowa ya riƙa matsawa zuwa wuri na gaba kullum, don kada wuri mai kifi ya zama na mutum ɗaya. Hardin ya haɗa dukiyar jama'a mai tsari da wadda ba ta da mai ita ya ba su suna ɗaya.

Daga nan kuma na zarce gona da iri, na fara rubuta babi kamar waƙar yabo. Ma'auni ne ya dawo da ni hayyacina. Malamin da ke duba aikina ya matsa min in riƙa auna kifin da ake fitowa da shi, na kuma ga ƙanana sun yi yawa, alhali dattawa na cewa lafiya lau. Da dare samari na zuba raga mai ƙananan ido, wasunsu 'ya'yan masu hukuncin ne. Matan da ke sarrafa kifin su sayar, su da suka fi kowa sanin yadda girmansa ke raguwa, ba sa zaman da ake yanke shawara. Sannan waɗanda suka ambaci kuɗi mafi yawa a takarduna masu kwalekwalen inji ne, kuma ba son tafkin ne ya fi na kowa ba: suna so a kawo lasisi mai tsada ya kori ƙananan masunta. Da na cire sifili na bar nasu, da na miƙa wa hukuma hujjar yin hakan da hatimin jami'a a kai.

Wannan ya ja min ƙarin zango guda. Ranar kare kundin, mai jarrabawa daga waje ya duba ni ta saman tabarau ya ce, "To, nawa ne darajar tafkin?" Na faɗi adadin da lissafi ya bayar, na kuma roƙe shi ya buɗe babi na huɗu, inda na bar sifilin nan duka, kowanne da dalilin mai shi a gefensa. Ya daɗe yana juya shafukan kafin ya wuce zuwa tambaya ta gaba.