Abin da zaɓen kusurwar haske ke koya wa mai tsara gashin daji

A ɗakuna da yawa na tsara gashin daji, wato maganin ciwon daji ta hanyar ƙona ƙari da haske mai ƙarfi daga inji, ba lissafa kusurwoyin da haske zai shiga jiki ake yi ba, gadonsu ake yi: bakwai a tazarar kusan digiri 51, ko tara a tazarar digiri 40, kewaye da majiyyaci. Adadin mara ake ɗauka don kada haske biyu su fuskanci juna su bi hanya guda cikin nama. Tsarin yana aiki, shi ya sa ya daɗe.

Wanda ya ce kwamfuta ta zaɓa masa zai fara cin karo da yawa. A raba da'ira digiri biyar-biyar, an sami kusurwa 72. Hanyoyin zaɓar bakwai daga cikinsu sun kai 1,473,109,704, kuma kowace sai an lissafa mata ƙarfin ɗaruruwan ƙananan haske kafin a san makinta, wato ma'aunin kyawun tsarin da ta bayar.

Ba yawan ne kaɗai matsalar ba. Idan kusurwoyi sun tsaya, neman ƙarfin hasken tamkar jefa gyaɗa ne cikin ƙwarya, ko ta ina aka sake ta gindi za ta gangara. Neman kusurwoyin kuwa gona ce da aka yi wa huɗa. Gyaɗar za ta faɗa kwarin da ya fi kusa ta kwanta, alhali akwai mafi zurfi bayan kunya uku. Masu bincike Bortfeld da Schlegel sun bayyana wannan tun 1993 a Jamus. Saboda haka wasu dabarun kan karɓi zaɓi mafi muni jefi-jefi da gangan, don su tsallake kunya. Wasu kuma ɗaya-ɗaya suke ƙarawa: a gwada kowace kusurwa, a riƙe wadda ta fi gyara maki, a sake zagayawa. Haka manhajar iCycle ta asibitin Erasmus da ke Rotterdam a ƙasar Holan take yi. Tana da sauri, sai dai kusurwar farko in ta zauna, sauran a kanta za su ginu.

Ribar tana fitowa ne inda haske bai da yawa, ko inda ƙari ya maƙale kusa da gaɓa mai hatsari. A dajin wuya, ana son ƙari ya sami gire 70 (gire shi ne ma'aunin hasken da nama ya sha) cikin zama 35, lakar baya kada ta wuce 45, gaɓar miyau ta gefen kunne kuma matsakaicinta ya tsaya ƙasa da 26, in ba haka ba mutum zai rayu da busasshen baki. Nan da haske biyar, karkata ɗaya da digiri goma yana iya sauya tsarin. Da tara kuwa, bambancin kan ragu sosai.

Inda aka fi yin kuskure shi ne jerin kusurwoyin da ake miƙa wa lissafin. Kwamfuta ba ta san kan injin zai bugi gado ko gwiwar hannun majiyyaci ba sai an gaya mata. Masu bincike a jami'ar UCLA ta Amurka sun faro da kusurwa 1,162 ta kowace fuska, amma sai da suka cire masu karo kafin a fara zaɓe. Haske mai shigowa a karkace yana iya ratsa sashen jikin da hoton sitisikan (hoton cikin jiki da ake tsara gashin a kansa) bai kai ba. Lissafi zai ɗauka iska ce a wurin, ya ba shi maki mai kyau na ƙarya. Ƙarfen da aka dasa a ƙugu da cikon haƙori suna ɓata hoton, don haka ana toshe kusurwoyinsu tun farko. Kafaɗa ma haka, domin ba kullum take kwanciya wuri ɗaya ba.

Sai lokaci, wanda ba kasafai ake sa shi cikin maki ba. A injina da yawa, duk juya gado yana nufin ma'aikaci ya shiga ɗaki ya fito, majiyyaci kuwa yana kwance da abin rufe fuska ɗaure da kansa, yawu na taruwa, yana ƙoƙarin kada ya haɗiya. Tsarin da ya rage wa laka gire ɗaya amma ya ƙara minti goma a kowane zama, sau 35, bai kamata a sa masa hannu ba sai an auna motsin da mutum zai iya yi cikin waɗannan mintuna.