Godiya ga waɗanda suka gyara mini lokaci a makon taron injiniyoyi

Alhamdu lillahi, taron Embedded Online Conference na bana ya ƙare, kuma na fito da abin da na shiga nema. Tun daren Juma'a nake son rubuta wannan godiya, gajiya ta hana, sai yau na samu sarari. Waɗanda suka tsaya mini ba su nemi a ambace su ba, don haka ba zan kira suna ba. Kowa zai gane kansa.

'Yan uwa sun yi ta tambayata wane irin taro ne wannan da mutum yake halarta yana zaune a ɗakinsa da abin ji a kunne. Aikinmu shi ne rubuta manhajar da ke zaune cikin na'ura tana juya ta. Mitar wuta ta kati, inbata, na'urar POS da ke hannun yaran bakin titi, duk akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa a cikinsu da ba ta kai girman farce ba, kuma wani ne ya zauna ya rubuta mata abin da za ta yi. Babban baje kolin masu wannan sana'a a Nurembag ta Jamus ake yin sa kowace shekara, amma tsakanin biza da kuɗin jirgi da masauki, irinmu sai dai mu ji labari. Shi ya sa nake fara godiya da Jacob Beningo da Stephane Boucher, waɗanda suka kafa wannan taro na intanet a 2020, shekarar da korona ta kulle kowa a gida. Akasarin laccocin an naɗe su tun kafin ranar, mutum ya kalla, ya tsayar, ya mayar baya, sannan a haɗu kai tsaye da mai laccar a yi tambaya da amsa. Daga teburina a Kano na saurari mutanen da suka shekara talatin suna wannan aiki.

To amma wannan sauƙin shi ya so ya kayar da ni. Da jerin laccoci ya fito, na zauna da biro ina sa alama a kan duk wadda ta burge ni: ta Zephyr da ta FreeRTOS (tsarukan da ke raba wa ayyuka lokaci a cikin na'ura), ta Rust (wani yaren rubuta manhaja), ta tsaron na'ura, ta rage cin batir, ta gwajin manhaja. Kafin in ankara na cike kowace yamma da kowane dare, daga Litinin har Juma'a, babu ko gurbin cin tuwo. Da wannan takarda na je gaida Malam, wanda ya fara koya mini riƙe ƙarfen dalma tun ina ɗalibi.

Malam ya duba takardar ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya tambaye ni, in da na'ura ce na ɗora wa aiki haka, zan yarda in kai wa mai saye? Ya tuna mini da abin da shi da kansa ya koya mana a aji, sakamakon da Liu da Layland suka fitar a 1973: idan kana raba wa ayyuka lokacin ƙwaƙwalwa ɗaya, kana fifita wanda ya fi saurin dawowa, to tabbacin cewa kowane aiki zai gama a kan kari yana nan muddin jimillar nauyin bai haura kusan kashi 69 cikin 100 ba, komai yawan ayyukan. Ya ce, "Kai ga shi ka ɗora wa kanka ɗari bisa ɗari, alhali ko wutar gidanku ba ka da iko da ita." Ya karɓi biron ya ce in gaya masa matsala ɗaya tak da ke hana ni barci a wurin aiki. Duk laccar da ba ta taɓa wannan matsala ba, ya ce a soke ta ko a ba wani. Taura biyu ba ta taunuwa, balle ashirin. Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wannan zama na rabin awa a zaurenka shi ya ceci makon gaba ɗaya.

Matsalar kuwa ga ta. Muna haɗa na'urar da ke kula da famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana, kuma muna da wasu a gonakin rani a wajen Kura. Ƙwaƙwalwar STM32 ce a ciki. Sai ta yi kwana goma tana aiki lafiya lau, rana ɗaya ta daskare: fitilarta na kunne, famfo kuwa shiru, har sai manomi ya zo ya cire waya ya mayar. A kan teburin ofis ba ta taɓa yi mini haka ba ko sau ɗaya. Wata uku ina fama. Da wannan ma'auni muka tace jerin, abin da ya rage mini bai wuce laccoci biyu a rana ba, da zaman tambaya ɗaya, sauran lokacin kuma aka bar shi fili.

Godiya ta gaba ga maigidana a wurin aiki. Shi ya biya mini kuɗin rajista, kuma ya sallame ni daga ƙarfe biyu na rana duk makon, ya ce kada kowa ya kira ni sai in gobara ce. Ranka ya daɗe, na san aikin da aka jingine saboda ni. Allah ya ƙara buɗi.

Sai ƙanwarmu da ke koyon aiki tare da mu, wadda ba don ita ba da na rasa zaman farko da ma na biyu. Zaman kai tsaye yana bin agogon gabashin Amurka ne. Ni kuma tun watan Janairu, lokacin da nake magana da wani mai sayar mana da kaya a can, na riƙe cewa tazararmu awa 6 ce, kuma da ita na lissafa komai. Daren Lahadi ta turo mini saƙo ta ce, "Yaya, ka sake duba lissafin nan." Mu a Najeriya ba ma taɓa agogonmu, amma su suna ciyar da nasu gaba da awa ɗaya daga Lahadi ta biyu a watan Maris har zuwa Lahadi ta farko a Nuwamba. A wannan tsakanin tazarar awa 5 ce. Abin da ake yi da goma na safe a can, uku na yamma ne a nan, ni kuwa huɗu na rubuta. Ta sake rubuta jadawalin duka da agogonmu, kuma ta yi abin da bai zo mini a rai ba: ta fara sa La'asar da Magariba da Isha'i a gurbinsu, sannan ta jera sauran a kewayensu. Duk zaman da ya faɗa kan Magariba ta sa masa alama, muka rubuta tambayoyinmu tun da wuri don kada a yi ta sauri. Allah ya yi miki albarka, ya sa ki fi mu.

Mu uku muka yi rajista, kowa da tasa: ni, da ita, da abokina na Zariya. Laccocin da Malam ya soke mini ba su tafi a banza ba, raba su muka yi. Abokina ya ɗauki ɓangaren Zephyr, tsarin da Linux Foundation ke riƙe da shi tun 2016, domin yana tunanin komawa kansa daga FreeRTOS. Ita ta ɗauki gwajin manhaja. Sharaɗinmu ɗaya ne: kafin ƙarfe goma sha ɗaya na dare kowa ya turo muryar minti biyar, ya faɗi abin da ya ji da kuma ko ya cancanci sauran su ɓata datarsu a kai. Sau biyu abokina ya ce mana kada mu wahala, sau ɗaya kuma ya ce in bar duk abin da nake yi in kalla. Na amince da hukuncinsa duk sau ukun, ban kuma yi nadama ba.

A nan zan faɗi ra'ayina ga wanda zai halarci irin wannan taro nan gaba. Maganar "ai an naɗa, zan kalla daga baya" ita ce babbar hanyar asarar kuɗin rajista. Na yi hakan a wani taron shekarun baya, har yau ban buɗe ko ɗaya ba. Laccar da aka naɗa tana jiranka, amma mutumin da zai amsa tambayarka na ɗan lokaci ne a gabanka. Don haka lokacin da kake da ƙarfi da wuta da intanet mai kyau, ba zaman tambaya shi. Laccar kuwa ka kalle ta kafin zaman, ko da sassafe ne bayan Asuba, ka shiga da tambayarka a rubuce.

Ranar Laraba aka yi iska mai ƙarfi da yamma, wuta ta ɗauke, ba ta dawo ba sai washegari. Sai daga baya na gane cewa tun Litinin uwargida take kashe fanka da rana, a wannan zafin na bazara, don batirin inbata ya kai mini dare. Ba ta gaya mini ba, yara ne suka faɗa. Ita ta mayar da cin abincin dare bayan Isha'i, ita ta riƙa janye ƙaraminmu daga bakin ƙofa duk lokacin da ya ji muryar baƙi a kwamfuta yana son shigowa. Ba ni da abin da zan biya ki da shi. Allah ya saka miki da Aljanna. A daren nan batirin ya ƙare duk da haka, sai maƙwabcinmu ya miƙo waya ta kan katanga daga janaretonsa, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Alhaji, na gode, Allah ya bar zumunci.

Wannan wayar ta kan katanga ita ta kai ni zaman da na samu amsata. Na bayyana matsalar a taƙaice, sai wani injiniya cikin mahalarta, wanda ban taɓa gani ba, ya yi mini tambaya biyu. Ta farko, daga ina nake shafa agogon gadi? Ta biyu, wace hanya na bi na haɗa ma'aunin da ke karanta ƙarfin wutar famfo?

Agogon gadi wani ɗan ƙidayau ne a cikin ƙwaƙwalwar. Dole manhaja ta riƙa komawa tana mayar da shi farko. In ta daina, yana ɗauka ta maƙale, sai ya sake tayar da na'urar. Irin wannan gadin ne ya riƙa sake tayar da kwamfutar na'urar binciken sararin samaniya Pathfinder bayan ta sauka a duniyar Mars a 1997, lokacin da wani ƙaramin aiki ya riƙe abin da babban aiki ke jira, har injiniyoyi suka gano dalilin suka gyara daga nan ƙasa. Nawa kuwa bai taɓa motsi ba, kuma laifina ne. Na sa shafawar a cikin ɗan aikin da agogon ciki ke katse manhaja ya gudanar kowane ɗan lokaci. Wannan ɗan aikin yana ci gaba da gudana ko da babbar manhajar ta tsaya cik. Wato mai gadi yana ta samun labarin lafiya daga bakin wanda bai leƙa cikin gida ba.

Ma'aunin kuma ta I2C na haɗa shi, hanyar waya biyu (ɗaya ta bayanai, ɗaya ta bugun agogo mai daidaita aikawa) da kamfanin Philips ya ƙirƙiro a 1982 don sassan da ke zaune kusa da juna a kan allo ɗaya. Ni na ja ta fiye da mita ɗaya, a gefen wayar motar famfo, wato injin da ke juya shi. Idan hayaniyar wuta ta shiga ana tsakiyar aika saƙo, ma'aunin yana iya riƙe wayar bayanai a ƙasa yana jiran bugun agogon da ba zai zo ba, manhajata kuma tana jiransa ba tare da na sa mata iyakar jira ba. Kowa na jiran kowa. A ofis babu mota mai jan wuta, shi ya sa ban taɓa gani ba. Maganin yana cikin ƙa'idar I2C ɗin kanta: a aika bugun agogo tara, ma'aunin zai saki wayar. Ya kuma ba ni shawara kowane aiki ya riƙa sa hannu cewa ya kammala zagayensa, kada a shafa agogon gadi sai duk sun sa. Bawan Allah, ban samu damar yi maka godiya yadda ya kamata ba kafin a rufe zaman. Duk inda kake, Allah ya biya ka.

Gurbin da Malam ya sa na bari shi na yi amfani da shi ranar Alhamis da safe. Na ɗauko tsohuwar motar famfo daga sito, na shimfiɗa wayoyin gefe da gefe kamar yadda suke a gona, na yi ta kunnawa ina kashewa. Kafin Azahar na'urar ta daskare a gabana, karo na farko a wata uku, osiloskop, na'urar da ke zana motsin wuta a allo, kuma ya nuna wayar bayanai kwance a ƙasa. Da a ce na cike safiyar da wata lacca, da sai bayan taro zan gwada, lokacin da bayanin ya fara dusashewa a kaina.

Godiyata ta ƙarshe ga manomin Kura da ya fi kowa shan wahalar wannan kuskure. Sau da yawa yana barin abin da yake yi ya taka har bakin rijiya don ya cire waya ya mayar, tumatirinsa na jiran ruwa, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Baba, na gode da haƙurinka. Sabuwar manhajar ta kwana uku tana aiki a gefen motar nan ba ta tsaya ba. In Allah ya kai mu Asabar, zan zo da kwamfuta da gajeriyar waya, kuma da taka za mu fara.