Abin da Ya Manne a Bangon Faranti

A farkon aikina a ɗakin gwaje-gwaje, an koya mini in raini bakteriya a ruwan abinci da ake girgizawa dare guda, in zuba musu magani, sannan in duba ko ruwan ya yi garau. Idan ya yi garau, sai mu rubuta cewa maganin yana aiki. Ban taɓa shakkar wannan hanya ba, sai da aka ba ni ƙwayar Pseudomonas aeruginosa da aka samo daga robar fitsari ta marasa lafiyar da cutarsu ke dawowa bayan an gama ba su magani, alhali gwajinmu ya nuna maganin yana kashe ta.

Neman dalilin haka ne ya kai ni ga binciken Bill Costerton, masanin ƙananan halittu ɗan Kanada da ya yi aiki a Jami'ar Calgary. Shi da abokan aikinsa sun lura cewa a ƙoramun kan duwatsu, bakteriyar da ke manne a jikin dutse ta ninka wadda ke yawo a ruwa nesa ba kusa ba, kuma a 1978 suka bayyana yadda ƙwayoyin ke mannewa da wani yauƙi da suke fitarwa da kansu. Wannan dandazo mai lulluɓe da yauƙi shi ake kira bayofim. Gwajinsu na 1985 ne ya fi girgiza ni: sun raini ƙwayar Pseudomonas aeruginosa ɗin nan a kan robar fitsari, suka jiƙa ta awa 12 cikin maganin tobramycin mai ƙarfin maikirogiram 1,000 a kowace mililita ta ruwa, amma da yawa suka rayu, alhali maikirogiram 50 ya isa ya hallaka 'yan uwansu masu yawo.

Sai na ɗauki hanyar auna bayofim da masu bincike O'Toole da Kolter suka yaɗa a 1998. Ana zuba ƙwayoyin a faranti mai gurabe 96, a bar su a ɗumin digiri 37, a zubar da ruwan, a ɗauraye, sannan a rina abin da ya rage da shunayyar kiristal bayolet. Zoben shunayya da na gani a bangon kowane gurbi, daidai inda ruwa ya haɗu da iska, shi ne abin da na yi shekaru ina wankewa ba tare da na kula ba.

Makonnin farko sakamakona bai tsaya wuri ɗaya ba. Na gano cewa ina ɗauraya da ƙarfi har ina ɓamɓare abin da nake son aunawa, kuma gurabun gefe suna ƙafewa kafin na tsakiya, don haka na riƙa cika su da tsabtataccen ruwa kawai. Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na rinin kansa. Na zuba magani, na ga launin bai ragu ba, na yi saurin yanke hukunci cewa babu ƙwayar da ta mutu. Ashe rinin yana kama rayayyu da matattu da yauƙin gaba ɗaya, bai san bambanci ba. Dole na koma ina kankare dandazon, ina warwatsa shi, ina shuka shi a faranti domin in ƙirga masu rai, aikin da ke cin kwana guda a kowane zagaye amma ya ba ni adadin da zan iya tsayawa a kansa.

Da farko na ɗauka yauƙin garkuwa ce kawai da ke tare magani. Daga baya na fahimci cewa ƙwayoyin da ke can ƙasa, inda iskar oksijin da abinci suka yi ƙaranci, sun rage aiki har kamar masu barci, kuma yawancin magunguna sun fi tasiri a kan ƙwayar da ke girma. Hujjar da ta gamsar da ni ita ce, da na warwatsa waɗanda suka tsira na sake rainon su a ruwa, maganin nan da ya gaza ya kashe su kamar da.

Takardar da Costerton da Stewart da Greenberg suka buga a mujallar Science a 1999 ta kai wannan fahimta gaban likitoci, ta danganta bayofim da cututtuka masu naci a huhu da haƙora da na'urorin da ake dasawa a jiki. Ni kuma tun daga lokacin, duk samfurin da aka kawo mini nakan fara tambayar ko akwai roba ko ƙarfe a jikin mai shi, kuma kwana nawa ya yi a ciki.